Suna na Biyu a Taron Kwatano

Tun da na dawo daga Kwatano ba a bar ni na huta ba. A ofis tambaya, a gidan suna tambaya, har mai kayan miyan bakin layinmu a Unguwar Sanusi sai da ta ce, "Malama, an ce kin fita ƙasar waje, ya can ɗin?" Wasu labarin atamfa suke so, wasu na shinkafa, wasu kuwa so suke su ji ko na samo abin da na je nema. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, ina yanke wa kowa daidai inda ba zan ji kunya ba. To ga shi nan duka. Mai dariya ya yi abarsa, ni ma na fara iya yi.

Sunana Bilkisu. Ilimin zamantakewa nake koyarwa a wata kwaleji a kudancin garin Kaduna, kuma shekara tara ke nan ina zaune a mataki ɗaya, domin ba a hawa sai da digiri na uku, ni kuwa biyu gare ni. Ina cikin ƙungiyar masana zamantakewa, reshen Kaduna. Shugaban reshen shi ne Dokta Balarabe, wanda kuma shi ne shugaban sashenmu a kwaleji. A zamanin soja naɗa shi aka yi. Da sojoji suka koma bariki aka ce yanzu komai sai da zaɓe, mu ma muka yi namu, da akwati da wakilai da jawabin amincewa da sakamako, muka zaɓi Dokta Balarabe. Dimokuraɗiyya ta iso mana lafiya, ba ta taɓa kowa ba.

Uwar ƙungiya tana buga wata 'yar mujalla duk bayan wata uku, cike da labarai da damarmaki: taro a nan, gurbin karatu a can, ana neman mai bincike a wani wuri. Kwafi ɗaya tak ake aiko wa reshenmu, kuma bin girma take yi kamar tiren nama a gidan biki. Dokta zai fara karantawa, sai manyan malamai, sai masu bi musu. Kafin ta iso hannun ƙanana irina ta sha manja ta sha shayi, duk damar da ke cikinta ta riga mu gidan gaskiya har an yi sadakar bakwai.

Wannan karon Madam Ngozi ce ta karya layi. Abokiyar aikina ce, a Narayi take zaune, Hausa a bakinta kamar a Tudun Wada aka yanke mata cibiya. Ta zare mujallar daga teburin wani babban malami ta kawo min a cikin jaka, ta buɗe wani shafi ta ɗora yatsa. Za a yi taron masana zamantakewa na Afirka ta Yamma a Kwatano. Za a zaɓi maƙala mafi kyau daga wanda bai cika shekara arba'in ba, a ba shi gurbin digiri na uku kyauta. Ni talatin da tara gare ni, taron kuma sai bayan shekara biyu ake sake shi. A ƙasan sanarwar an rubuta a duba sharuɗɗa a shafi na gaba. Muka duba, babu shafi na gaba. An yanke shi tsaf da reza.

"Sharaɗi dai ai bai wuce a rubuta da kyau ba," in ji Ngozi. "Sista, shekara biyu kina yawo a Kakuri kamar mai tallar magani. Kai aikin nan, abeg."

Gaskiyarta. Shekara biyu na yi ina bin gidajen ma'aikatan masaƙa da aka sallama a Kakuri da Makera, ina zama da matansu, ina jin yadda ake riƙe gida bayan inji ya yi shiru. Takalmi biyu na cinye a aikin nan. Na sha kunu a gidan da na san shi ne abincin ranar, na sha don kada a ji kunya. Duk abin da nake da shi a duniyar boko yana cikin shafuka ashirin ɗin nan.

Ranar da na kai shagon kwamfuta a Kakuri a buga min, na sa sunan Dokta a sama, nawa a ƙasa. Haka ake yi. Ba wanda ya taɓa rubuta dokar, ba kuma wanda ya taɓa karya ta. Da na kai masa sai ya ce, "Haba Malama Bilkisu, ai da ba ki sa ni ba," yana faɗa yana gyara wani harafi da aka ɓata a sunansa da jan biro. Bai buɗe shafi na biyu ba.

"Wannan ladabin naku zai kai ku ƙasa wata rana," in ji Ngozi.

Na ce ai ita ma haka take yi.

"Ni a na uku nake sa nawa. Shi ya sa na sani."

Da aka amsa cewa an karɓi maƙalar, Dokta ya ce bai kamata reshe ya tafi babu kai ba, don haka zai sadaukar da kansa da motarsa. Muka tashi bayan sallar asuba. Muka ɗauki Ngozi a mahaɗar Narayi da kular abinci wadda za ta ciyar da 'yan biki. But ɗin mota bai rufu ba sai da igiya, saboda manyan rigunan Dokta uku da kwalin wani ɗan littafinsa da yake fatan masanan Afirka ta Yamma suna can suna jira.

Zangonmu na farko Gonin Gora ne, wato ko Kaduna ba mu gama bari ba. Motar ta fara huci, hayaƙi yana fita ta gaba. Wani makanike, Oga Emeka, ya buɗe ya leƙa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Oga, motar nan ta girme ni. Ku riƙa yi mata magana da ladabi." Yana cikin gyaran, sai mata masu ayaba da gyaɗa suka kewaye mu. Dokta ya ga ɗalibai sun samu, ya fara yi musu bayanin cewa su ne ginshiƙin tattalin arzikin da gwamnati ba ta ƙirga ba. Wata ta sauke tirenta ta ce, "Baba, saya za ka yi ko wa'azi ka zo?" Ya sayi gyaɗa.

Daga nan hanya ta miƙa. Shingaye dai suna nan inda muka san su, sai dai mulkin farar hula ya kawo ci gaba: yanzu sai an yi maka murmushi kafin a tambaye ka abin da ka zo da shi. A Lakwaja muka ci kifi cikin zafin da ya sa Ngozi ta ce ita dai ta tuba. Bayan mun tashi na ga Dokta yana cikin nishaɗi, sai na ce, "Ranka ya daɗe, ko in ɗan taƙaita maka abin da ke cikin maƙalar, tunda muna da lokaci?"

"Malama, ni na koyar da wanda ya koyar da ke. Maganar masaƙa ce, ko? Jari-hujja ne. Duk inda kika juya jari-hujja ne."

Na ce haka ne. Ngozi ta taka min ƙafa ta bayan kujera, na yi kamar ban ji ba.

A Badun muka kwana, a masaukin baƙi na wani tsohon abokin Dokta. Aka kawo amala da miya ja. Dokta ya ce tsoron yajin Yarbawa camfi ne da jahilcin al'adun juna ya haifar, ya kai loma uku a jere don ya nuna mana. Sai da ya shanye ruwan butar alwala. Da safe muryarsa ta dishe, na yi murna a ɓoye ina cewa Allah ya sa ta kai mu Kwatano a haka. Kafin mu fita cunkoson Legas ta dawo garau.

A kan iyaka aka nemi fasfo da katin allurar shawara. Ni da Ngozi mun yi tamu tun a Kaduna. Dokta kuwa ya zaro katin ƙungiya, wanda aka rubuta Shugaban Reshe da manyan haruffa, ya ajiye a gaban ma'aikaciyar lafiya kamar ya ajiye takardar gwamna. Matar ta juya katin gaba da baya, ta miƙa masa, ta nuna masa benci. Ya yi mata bayanin cewa iyakar nan Turawa ne suka zana ta, mu da su 'yan uwa ne tun kafin a ƙirƙiri fasfo. Ta ce ta yarda, ya naɗe hannun riga. Naɗe hannun babbar riga mai aiki kuwa ba aikin mutum ɗaya ba ne, sai da ni da Ngozi muka riƙe masa kamar masu shanya zanin gado. Aka caka masa, muka bar motar a wani fili a ɓangarenmu, muka shiga tasi.

Abin da ya fara ba ni mamaki a Kwatano 'yan acaɓa ne. Kowa da riga ruwan ɗorawa da lamba a baya, ka ce 'yan makaranta ɗaya ne. Mata kuma suna tuƙa babur da kansu, da jaka a kafaɗa, ba mai ko waiwayarsu. Mu uku muka hau uku. Dokta yana gaba, iska ta cika babbar rigarsa ta yi tanti, mu muna biye muna addu'ar kada ya tashi sama da maƙalata a aljihunsa. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, kuma a hammata ake ɗaukarsa, ko leda babu. Ngozi ta rantse ba za ta ci ba. Washegari ta ci biyu.

Masaukin da masu taro suka tanadar mana na wata mata ce, Madam Selestin. Wuri tsaf, famfo yana zuba, fanka tana juyawa. Ngozi ta yi maza ta goge duk kayanmu na kwana uku kafin a ɗauke wuta, ta zauna tana jira a ɗauke, ba a ɗauke ba, har ta fara jin haushi. Wajen magariba Madam Selestin ta shigo da babban faranti, kifi soyayye da wani tuwon masara mai ɗan tsami da ake naɗewa a ganye. Ƙamshi ya cika ɗaki. Ta tambaya da guntun Turancinta ko za mu ci. Ni da yunwa ta kusa kayar da ni na ce, "A'a, mun gode, a ƙoshe muke."

Kowa a gida ya san wannan maganar. Za a ce haba ku taɓa mana, ka ce wallahi alhamdu lillahi, a sake cewa don Allah ko loma ɗaya, sannan ka wanke hannu ka cinye har da suɗi. Madam Selestin ta ce to, ta juya da farantinta, ta ja mana ƙofa. Muka zauna muna kallon ƙofar muna jiran ta dawo. Ba ta dawo ba. Ragowar gyaɗar Gonin Gora muka ci.

"Ki saurare ni da kyau," in ji Ngozi tana ɓare gyaɗa da fushi. "A ƙasar nan in an tambaye ki abu, ki faɗi abin da kike nufi tun a karon farko. Ba su da tayi na uku."

Na yi dariya na ce na ji. Ina ma da gaske na ji.

Takardar shirin taro ta ce ƙarfe tara. Mu kuwa mutane ne masu mutunci, muka isa goma da rabi don a ga shigowarmu. Muka tarar an gama maƙala uku. Babu teburin manya, babu mai sanarwa da zai kira su ɗaya bayan ɗaya, babu uban taro, babu uwar taro, babu babban baƙo mai jawabi da zai aiko wakili. Dokta ya tsaya a bakin ƙofa yana jira a zo a raka shi mazauninsa, har ya gaji ya ja kujerar roba ya zauna kamar kowa. Farfesoshi suna ɗauke da jakunkunansu da kansu. Na ga wani mai furfura yana jera kujeru, na ce masa sannu da aiki Baba, daga baya na ji shi ne shugaban ƙungiyar ƙasarsu.

Mai jagorantar zaman wata 'yar ƙaramar mata ce, Farfesa Adjovi, da ƙararrawa a gabanta irin ta makarantar firamare. Minti goma kowa yake da shi. In ya rage biyu ta kaɗa sau ɗaya, in ya cika ta kaɗa har sai ka zauna. Da azahar aka tashi, gari gaba ɗaya ya rufe shaguna ya tafi cin abinci da kishingiɗa, ba wanda ya ce wannan lalaci ne. Bayan an dawo aka zo kanmu.

Na miƙe rabi, takarduna a hannu. Farfesa ta faɗi wani abu da Faransanci, tafinta ya ce sunan da ke sama shi ke gabatarwa. Dokta ya miƙe da fara'a, hannun da aka yi wa allura ya kumbura yana riƙe da shi kamar jariri.

Ya gai da shugabar zama. Ya gai da shugaban jami'ar da ba ya wurin. Ya gai da shugabannin ƙungiyoyi ƙasa bayan ƙasa, da iyayen ƙasa, da manema labarai, waɗanda babu ko ɗaya. Ya isar da gaisuwar reshen Kaduna. Ya gode wa Allah da ya nuna mana mulkin farar hula. Ya ɗan taɓa labarin hanya, har da maganar allura. Ƙararrawa ta yi ƙara sau ɗaya, ya ɗaga wa Farfesa hannu alamar ya gode. Sannan ya gyara tabarau ya ce yanzu zai shiga gundarin magana, ya karanta taken maƙalar a tsanake. Ƙararrawa ta ɓarke. Shekara biyu na Kakuri, take kawai aka ji. Na ji kamar in nutse cikin kujerar roba.

Amma an riga an raba kwafin maƙalar, kuma mutanen nan suna da wata baƙuwar ɗabi'a ta karanta abin da aka ba su. Wani malami daga Senigal ya ɗaga hannu ya ce, a gidajen da mace ce yanzu take ciyarwa, yaya maigida yake riƙe girmansa a gaban 'ya'yansa? Dokta ya ce tambaya ce mai kyau ƙwarai, kuma in aka duba da kyau za a ga jari-hujja ne. Ngozi ta mintsine ni mintsinin da har yau akwai tabonsa. Na miƙe.

Na ba su labarin Maman Talatu, wadda take soya ƙosai a bakin titin Kakuri. In ta tara ciniki sai ta auno masara ta ajiye a shagon maƙwabci. Da la'asar mijinta zai fita kamar mai zuwa wani wuri, ya biya ya ɗauko buhun a kafaɗa ya shigo da sallama, yara su ruga suna Baba ya kawo, Baba ya kawo. Ita kuma ta ce sannu da ƙoƙari maigida. Na gaya musu gida nawa na ga irin wannan, na Musulmi da na Kirista, da yadda matan suke faɗa min suna dariya, wata kuma tana dariyar tana share ido. Na yi magana har na manta da Turancina yana da iyaka. Farfesa Adjovi ta manta da ƙararrawarta. Da na zauna aka tafa, Dokta ya miƙe ya ɗan rusuna.

Washegari da hantsi aka kira mu wani ƙaramin ɗaki, ni da Dokta. 'Yan kwamiti uku ne, Farfesa a tsakiya, tafinta a gefe. Ta ce ba za ta ɓoye mana ba, maƙalarmu ce ta fi. Amma ƙa'ida ta ce wanda sunansa ke sama shi ne mai aiki, kuma gurbin na wanda ba shi da digiri na uku ne, Dokta kuwa yana da shi. Ta ce sai dai su ma suna da kunne, sun ji wanda ya amsa tambaya jiya. Ta dube ni ta ce, "Ki gaya mana, aikin nan na wane ne?"

Kalma biyu ake nema. Nawa ne. Na san su, na iya su da Hausa da Turanci. Amma Dokta yana zaune dab da ni, mutumin da ya sa hannu aka ɗauke ni aiki, wanda ya zo ta'aziyyar mahaifina har sau biyu. Sai na ji bakina yana cewa, "Ai aikin Dokta ne, ni ɗan taimakawa kawai na yi."

A Kaduna ko ɗalibin ajin farko ya san ma'anar wannan. Ƙarami zai miƙa, babba ya mayar, ya ce a'a ita ta sha wahalar, kowa ya fita da mutuncinsa. Tafinta ya juya maganata kalma da kalma, bai rage ba bai ƙara ba, Allah ya saka masa. Farfesa ta dubi Dokta. Ya yi murmushi ya ce, "Haba, haba, duk yin Allah ne. Yaran namu suna ƙoƙari."

Ta sake dubana, ta daɗe. "Kin tabbata?"

Na ce a raina wannan ta biyu ce, saura ɗaya. Na sunkuyar da kai na ce, "Haka ne."

Ta ɗauki biro ta yi rubutu. Ta ce sun gode. Na zauna ina jiran ta uku kamar yadda na jira farantin Madam Selestin, har tafinta ya buɗe mana ƙofa.

Wani saurayi daga Togo aka ba gurbin, wanda ya yi rubutu a kan masunta. Sunansa kaɗai ne a takardarsa. An ce da aka tambaye shi aikin na wane ne, cewa ya yi nasa ne, ko kunya babu. Na shiga banɗaki na yi kuka mai isata, na wanke fuska na fito aka ɗauki hoton rufe taro da ni ina murmushi.

A hanyar dawowa Ngozi ba ta yi min magana ba har Lakwaja. Can muna cin kifi ta ce, "Maman Talatu aƙalla tana cin masarar." Dokta kuwa tun daga kan iyaka yake cewa mun ɗaga sunan reshe, za a daɗe ana maganar Kaduna a Kwatano. Kwalin littattafansa ya dawo yadda ya tafi. Sai da muka iso Gonin Gora ya tsaya ba tare da motar ta nema ba, ya sayi nonon ayaba guda ya miƙo min ta baya, bai waiwayo ba. Ya ce, "Malama, wata damar za ta zo." Daga muryarsa na gane ya san abin da ya faru a ɗakin nan, ya kuma san shekaruna.

Bayan mako ɗaya ya aiko in kawo rahoton tafiya, za a aika wa mujallar ƙungiya. Na same shi zai fita sallar azahar, ya ce in jira. Ina zaune ni kaɗai sai idona ya faɗa kan wani firam a bango, hoton Dokta a babban taron shekara yana gaisawa da manya. Na sha ganinsa, ban taɓa kula ba. Ranar na lura takardar mujalla ce, gefenta kuma yankan reza. Na sauke shi na buɗe bayan.

Sharuɗɗa ne, guda biyar. Na farko ya ce sunan da ke sama shi za a ɗauka a matsayin mai aikin, kuma kada a sa sunan wani babba don girmamawa. Wata huɗu ke nan maganar tana rataye a saman kan Dokta, fuskarta a bango.

Na so in ji haushinsa shi kaɗai, wallahi na so. Amma ba don ya cuce ni ya yanke ba, hotonsa ya gani ya yi kyau. Kuma ba shi aka tambaya sau biyu ba. Na mayar da takardar cikin firam da sharuɗɗan a waje, hoton a ciki, na rataye inda yake. Yau mako uku ke nan. Ƙananan malamai suna ta ƙirƙiro uzurin shiga ofishin, su tsaya suna karanta bango. Dokta bai ce komai ba, bai kuma juya shi ba.

Gurbin dai ya tafi, kafin a sake taron na cika arba'in. Masu tambayar atamfa, na kawo turmi biyu kuma an riga an rabe. Jiya na koma shagon kwamfuta a Kakuri da maƙalar, zan aika wa wata mujalla ko Allah zai sa a buga. Na ce wa mai shagon ya goge layin farko. Ya ɗago kai ya dube ni.

"Malama, ba za a sa Dokta ba?"

Na ce a'a.

"Kin tabbata?"

Bakina ya fara shirin tsohuwar sana'arsa. Na riƙe gefen teburin da hannu biyu.

"Na tabbata," na ce. "Nawa ne."